Gasar Sulhu Ta Ɗaliban Lauya: Ina Rabon Wurno, Rabah Da Goronyo?

Daga Wakilinmu

A farkon watan Oktoba na kowace shekara, daidai lokacin da manoman gabashin Jihar Sakkwato ke ɗaure dammunan gero, makiyaya kuma ke haramar gangarowa fadama, akan fitar da wata takarda daga birnin Biyana na ƙasar Ostiriya wadda ɗaliban lauya na jami'o'i fiye da 300 a duniya ke zaman jiranta. Takardar tana ɗauke ne da wata shari'a ta ƙage tsakanin kamfanoni biyu na wasu ƙasashen da babu su a taswira. Ɗaya ya sayar wa ɗaya kaya, ciniki ya lalace, kowa ya ce abokin cinikinsa ne ya saɓa alkawari. Ɗalibai za su shafe wata biyu suna rubuta hujjojin mai ƙara, su koma su rubuta na wanda ake ƙara, sa'an nan a makon da ke gabanin bikin Ista su hallara a Biyana su yi muhawara baki da baki a gaban masu raba gardama uku-uku. Wannan ita ce gasar Willem Vis, wadda aka fara tsakanin 1993 da 1994, ta kuma yi ƙanwa a Hong Kong shekara goma bayan haka.

Ba ita kaɗai ba ce. Tun 2006 Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya mai hedkwata a Faris take shirya tata gasar ta shiga tsakani a watan Fabrairu, inda ɗalibi ɗaya kan fito a matsayin mai kamfani, ɗaya a matsayin lauyansa, a zaunar da su da abokan gardamarsu a gaban ƙwararren mai sulhu. Akwai kuma gasar tattaunawa ta duniya da aka kafa a 1998, wadda ake ba kowane ɓangare wasu bayanai na sirri da ɗaya ɓangaren bai sani ba. A nan gida, ƙungiyar NULAI, wadda aka kafa a 2003 don haɗa kan ofisoshin ba da agajin shari'a na jami'o'i, takan shirya wa ɗalibai gasar sauraron mai neman lauya da ba shi shawara.

Yana da kyau mai karatu ya rarrabe abubuwa uku, domin a bakin jama'a duk sulhu ake ce musu. A tattaunawa, masu rikici ne ko wakilansu ke zama su daidaita ba tare da mutum na uku ba. A shiga tsakani akwai mutum na uku, amma ba shi da ikon yanke hukunci, iyakarsa ya lallaɓa su har su yarje wa juna da bakinsu. Na ukun shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira tahkimi, watau masu rikici su zaɓi wanda suka amince da shi su ce ya raba musu gardama, abin da ya yanke kuwa ya hau kansu ko sun so ko sun ƙi.

Duk wanda ya ɗauka waɗannan gasanni wasan yara ne, to, bai bi labarin kamfanin P&ID ba. Wannan kamfani ya ƙulla yarjejeniyar iskar gas da Gwamnatin Tarayya a 2010, ba a kafa ko da tubali ɗaya ba, amma a 2017 masu raba gardama a Landan suka ce Nijeriya ta biya shi Dala miliyan 6,600, kuɗin ruwa kuma ya yi ta hawa har bashin ya haura Dala miliyan 11,000. Sai ran 23 ga Oktoba, 2023 Mai Shari'a Robin Knowles na Babbar Kotun Ingila ya yanke cewa da cin hanci da zamba aka sami wannan hukunci. Ba don haka ba da yanzu wata magana ake yi. Ƙasar da ta kusa asarar irin wannan dukiya a zauren tahkimi ba ta da bakin cewa ba ta bukatar lauyoyin da suka ƙware a kansa. Daɗin daɗawa, ran 26 ga Mayu, 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Tahkimi da Shiga Tsakani, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar soja ta 1988, kuma a watan Nuwamba na wannan shekarar Nijeriya ta tabbatar da shigarta Yarjejeniyar Singafo kan zartar da sulhun kasuwanci tsakanin ƙasashe. Tun a 2007 ma ƙa'idojin aikin lauya suka wajabta wa lauya ya sanar da wanda yake wa aiki cewa akwai hanyar sasantawa kafin a ruga kotu. Ashe ke nan ɗalibin da ya je gasa ba ɓata lokaci yake yi ba.

To, amma fa akwai tambayar da ya kamata malaman Sashen Koyar da Shari'a na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da ma'aikatan Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Sakkwato, su yi wa kansu. Shari'ar da ake ba ɗalibai a Biyana tana kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1980 ce game da saye da sayarwar kaya tsakanin ƙasashe, Nijeriya kuwa ba ta cikin ƙasashen da suka shige ta. Yarjejeniyar Singafo ita ma ta fitar da maganar iyali da gado da ƙwadago daga cikin abin da ta shafa. Dukan waɗannan gasanni da Turanci ake yin su. Ɗalibin da ya fito daga Wurno ko Rabah ko Goronyo, in ya gama karatu ya koma gida da hutu, wace irin gardama ce za a kawo ƙofar gidan mahaifinsa a ce ga ɗan boko nan ya duba?

Amsar tana kwance a bakin Gulbin Rima. Wannan gulbi shi ne ya ratsa ƙasar Goronyo da ta Wurno ya gangaro Sakkwato, Rabah kuma tana kan Gulbin Sakkwato wanda ke haɗuwa da shi a kusa da birni. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, tana iya riƙe ruwan da ya kai mita miliyan 942 na awon cikin tafki, kuma daga gare ta ne ake shayar da gonakin shirin noman rani na tsakiyar kwarin Rima, ake kuma sako ruwan da birnin Sakkwato ke sha. A Wurno akwai tsohon shirin noman rani da ya dogara ga madatsar Lugu, inda shinkafa da albasa da tafarnuwa suka zama arzikin gari. Ƙasa ce mai albarka, kuma daidai gwargwadon albarkar fadama, daidai gwargwadon yawan masu ido a kanta. Manomi yana son ta don lambu, makiyayi yana son ta don ɗanyar ciyawa da mashaya in rani ya tsananta, masunci yana son tafkunan da ruwa ya bari, magada kuma kowa yana son fegin da ya fi kusa da ruwa.

Shi kansa ruwan ba ya zama wuri ɗaya. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a wannan kwari, har ta yanke hanyar da ta haɗa mazaunin jami'ar na dindindin da cikin gari, abin da ya sa ɗaliban lauya na wancan lokaci suka san Gulbin Rima ba a littafi ba. A 2018 kuma sai aka ga akasin haka, ruwan madatsar Goronyo ya ja baya har hukumomi suka ce ya ragu da kashi 90 cikin 100. Kowace ambaliya takan shafe iyakokin gonaki ta bar gardama a bayanta, kowane ƙarancin ruwa kuma yakan haɗa na saman magudana da na ƙasanta faɗa a kan wanda zai fara ban ruwa. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya ɗora kula da ƙananan magudanai a kan ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, watau an miƙa wa manoma aikin raba ruwa da karɓar kuɗinsa, wanda kuwa rabinsa aikin sulhu ne.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi a hankali, irin wanda kowane mai unguwa a wannan yanki ya sha gani. Shanu sun faɗa lambun albasa da dare, saura mako uku a cire. Mai lambu ya ce an yi masa ɓarnar buhu 40, ya kuma ƙiyasta kuɗin a kan farashin da albasa ke kaiwa bayan ta kwana a rudu wata huɗu. Mai shanu ya ce ba nasa ba ne kaɗai suka bi ta nan, ya ƙara da cewa wurin da aka kafa lambun burtali ne tun zamanin kakansa. A fiƙihun Malikiyya akwai magana a kan wannan dalla-dalla. Asalin hukunci shi ne ɓarnar da dabbobi suka yi da dare tana kan mai su, ta rana kuwa masu gona ne ya kamata su tsare, sai dai in akwai makiyayi tare da su ya yi sakaci. Amfanin da bai nuna ba kuma akan yi masa kima ne tsakanin fatan zai kai da tsoron ba zai kai ba. Saboda haka lissafin mai lambu na farashin bayan wata huɗu ba zai tsaya a gaban alƙali ba, musun mai shanu shi ma ba zai raba shi da biya ba in sawu ya kai rugarsa.

To ina abin da ɗalibin gasa zai ƙara a nan? Abu na farko da ake koya masa shi ne ya bambanta abin da mutum ke faɗa da abin da yake bukata. In aka keɓe da mai lambu, kamar yadda ake yi a gasar Faris inda mai sulhu kan gana da kowane ɓangare shi kaɗai, sau da yawa za a tarar ba buhu 40 ne ke hana shi barci ba. Bashi ne ya ci na taki da man injin ban ruwa a hannun dillali, da sharaɗin zai biya da albasa ran cira, yana tsoron kada a karɓe fegin da ya jinginar. In aka keɓe da mai shanu kuma, za a tarar biyan kuɗin bai dame shi ba kamar yadda rashin hanyar zuwa mashaya ya dame shi, domin ya san in ya biya yau, gobe ma ta nan shanun za su bi. Da zarar an gano haka, sulhun ya tashi daga ja-in-ja a kan adadin buhu ya koma tambayoyi biyu da ake iya warwarewa, watau wa zai ɗauke bashin dillali kuma yaushe, da kuma taku nawa za a buɗe a gefen lambun don shanu su wuce, wa zai kafa shingen. Dattawanmu sun san wannan dabara tun kafin a haifi masu shirya gasar Faris, sai dai ba su sa mata suna ba. Abin da ɗalibi ya fi su da shi ɗaya ne, shi ne alƙalami. An koya masa ya rubuta abin da aka amince a kai ta yadda ba zai ɗauki fassara biyu ba: nawa, ran yaushe, a gaban wa, in aka saɓa kuma me zai biyo baya.

A nan ne raunin sulhunmu na gargajiya yake, kuma tarihi ne ya jawo shi. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ya kuma zauna a ciki, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Yana daga cikin manufofinsa ya zaunar da Fulani makiyaya a irin waɗannan garuruwa su haɗa kiwo da noma da karatu, ka ga ke nan zaman manomi da makiyayi a wannan kwari tsohuwar magana ce. Alƙalan daular suna da littattafansu, irin su Muhtasar na Halilu, da Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da Tuhfa ta Ibn Asim alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, wadda har gobe alƙalanmu ke dubawa, kuma tana da babi sukutum a kan sulhu. Ƙa'idar a bayyane take, sulhu ya halatta matuƙar bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Alƙur'ani mai girma kansa, a Suratun Nisa'i, ya yi umurni da a tashi mai hukunci ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, in aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata. Malamai sun kuma iyakance tahkimi, suka ce ana yin sa a kan dukiya da raunuka, ban da haddi da kisa da nasaba da saki, waɗannan na alƙali ne.

Ɗan Rabah ne kuma ya buɗe babi na gaba. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda aka haifa a Rabah aka kuma naɗa shi Sarkin Rabah a 1934, shi ne Firimiyan da gwamnatinsa ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, wanda daga shawararsa aka sami kundin laifuffuka na Arewa da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a 1960, aka kuma shiga ba alƙalai horo a Kwangon Zariya. Bayan rasuwarsa, tsakanin 1967 da 1968, mulkin soja ya rushe kotunan sarakuna ya karɓe kotunan En'e ya mai da su hannun gwamnatin jiha. Tun daga ranar uban ƙasa da hakimi, kamar yadda Sakkwatawa ke kiran waɗanda Kanawa ke ce wa hakimi da dagaci, suka zama masu sulhu ba tare da ikon shari'a ba. Jama'a ba su daina kai musu ƙara ba, amma abin da suka yanke ya rataya ne a kan kwarjininsu kawai. Kwarjinin kuwa yana tafiya da iskar siyasa, domin a watan Afrilu na 2024 gwamnatin jiha ta sauke iyayen ƙasa 15 a lokaci guda, kuma ko mene ne dalilin saukewar, sulhun da tsohon uban ƙasa ya yi da baki ba lalle ne ya hau kan sabo ba.

Kotunan zamani ba su rufe ƙofa ga irin wannan sulhu ba. A shari'ar Agu da Ikewibe ta 1991, da ta Ohiaeri da Akabeze ta 1992, Kotun Ƙoli ta amince da tahkimin gargajiya, amma da sharuɗɗa: a nuna masu rikicin da kansu suka kai maganar, sun yarda tun farko hukuncin zai hau kansu, an bi al'adar wurin, an yanke hukunci an bayyana shi, kuma ba wanda ya yi watsi da shi nan take. Mai karatu ya tambayi kansa, bayan shekara goma, in mai unguwar ya rasu, limamin ya tsufa, Sarkin Noma da Arɗo kowa ya tuna abin yadda ya fi masa daɗi, da me za a tabbatar da waɗannan sharuɗɗa biyar? Ba abin da zai tabbatar da su sai takarda.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda Gulbin Maraɗi ya haɗa mu da su kafin ya zubo cikin Rima, sun riga mu gane wannan. Dokarsu ta karkara ta 1993 ta ce rikicin gona ko kiwo sai an fara kai shi gaban sarakunan gargajiya an gwada sulhu kafin alƙali ya saurare shi, kuma tilas a rubuta takardar abin da aka ƙare a kai, an daidaita ko ba a daidaita ba. Suna da kwamitocin ƙasa tun daga ƙauye masu rajistar gonaki da burtali, kuma kowace shekara hukuma kan sanar da ranar sakin gonaki, wadda bayanta dabbobi ke da damar shiga su ci kara. Ba a ce rikici ya ƙare a can ba, amma dai sarkin ƙauyen Nijar ya san matsayin sa hannunsa a gaban kotu. A Nijeriya an bi wata hanya dabam, ta kotu mai ƙofofi da dama, inda mai ƙara zai iya shiga ta ƙofar sulhu a cikin harabar kotun, in an daidaita alƙali ya sa hannu ya zama hukunci. An buɗe ta farko a Ikko a 2002, Abuja ta biyo baya a 2003, Kano a 2009. Dabara ce mai kyau, sai dai a manyan birane aka fara ta, mai lambun albasa kuwa ba zai bar ban ruwa ya tafi birni neman ƙofa ba.

Akwai wani rauni na biyu wanda ba a cika son faɗarsa ba. Sau da yawa abin da ake kira sulhu a ƙauye danniya ce da aka yi wa ado da "a yi haƙuri". Matar da mijinta ya rasu ya bar fegi a fadama, 'yan'uwansa suka ce a bar gonar a dunƙule kada a raba, a riƙa ba ta mudu kaza duk kaka, takan yarda ne don ba ta da bakin musu a gaban surukai. Shari'a ta ba ta tumuni in akwai 'ya'ya, ta ba 'ya'yanta mata rabonsu, kuma tana da ikon yafewa, amma yafewar wanda bai san iyakar haƙƙinsa ba ba yafewa ba ce. A gasar tattaunawa akan tambayi ɗalibi, in sulhu ya ƙi, me wanda kake wakilta zai samu a kotu? Wanda bai san amsar wannan ba bai san ƙasan farashinsa ba. Wannan tambaya ita ce babbar kyautar da ɗalibin lauya zai iya kai wa irin wannan mata kafin ta shiga zaure.

In ana son ganin abin da rashin zauren tattaunawa ke haifarwa in gardamar ta zama tsakanin talaka da hukuma, sai a tuna Bakolori, wadda a lokacin tana cikin Jihar Sakkwato. Manoman da aka karɓe wa gonaki don madatsar ruwa da shirin noman rani sun yi ta kukan diyya har suka tare hanyoyin aikin, a ƙarshen Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka kashe mutanen da har yau ana gardama a kan adadinsu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce diyya ta abin da aka raya ce a kan ƙasa, gardama a kan yawanta kuma kwamitin gwamnati ake kai wa. Watau wanda ya karɓi gonar shi ne ya naɗa mai raba gardamar. Duk lokacin da za a faɗaɗa noman rani a kwarin Rima wannan tambaya za ta dawo.

Sai dai tilas a yi wa ɗalibai kashedi a kan wani abu, domin kalmar sulhu ta sami wata mummunar ma'ana a wannan yanki. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni da ƙauyukan kewaye a ƙasar Gandi ta Ƙaramar Hukumar Rabah, suka kashe mutane fiye da 30, sauran suka tsere Gandi gudun hijira. Ran Lahadi 17 ga Oktoba, 2021 aka auka wa kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. A ƙauyuka da dama, in aka ce an yi sulhu, nufin shi ne gari ya tara kuɗi ya kai daji don a bar shi ya yi noma ko girbi. Gwamnatoci ma sun gwada, Katsina a 2016 da 2019, Zamfara a 2019, daga baya Gwamna Aminu Bello Masari da bakinsa ya ce an ci amanarsa ba zai sake ba. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ayyana waɗannan ƙungiyoyi a matsayin 'yan ta'adda. Ba aikin wannan shafi ba ne ya zargi dattijon da ya kai kuɗi daji don ya ceci 'ya'yansa, wanda ke cikin ruwa shi ya san zurfinsa. Amma a ma'aunin shari'a, ta Musulunci ko ta zamani, yarjejeniyar da aka ƙulla da bindiga a ka ba ta da sharaɗin farko, watau yardar rai, kisa kuma ba ya cikin abin da ake yi wa tahkimi. Wurin aikin ɗalibin lauya yana can baya, shekaru kafin bindiga, ran da shanu suka shiga lambu, ko ran da aka ci makiyayi tarar da ta fi ɓarnar nesa ba kusa ba ya tafi da abin a ransa. Masu nazarin rikicin Zamfara sun sha ambaton cinye burtali da makiyaya, da zalunci a wajen yanke tara, cikin abubuwan da suka hura wutar.

Saboda haka, a ganina, kamata ya yi Sashen Koyar da Shari'a na jami'ar Sakkwato, tare da reshen Ƙungiyar Lauyoyi na jihar da ofishin Alƙalin Alƙalai, su shirya gasar sulhu ta kansu a kan shari'o'in kwarin Rima, a kuma yi ta da Hausa. A ƙaga shari'ar kamar yadda ake yi a Biyana, amma a kan jinginar fegi, ko layin ban ruwa, ko bashin albasa tsakanin manomi da falken da ke kai kaya kudu. A ba kowane ɓangare takardar sirri. A zaunar da alƙalin kotun Shari'a da lauya da basarake ɗaya su ba da maki, a kuma sa rubuta takardar sulhu ya zama rabin makin, a duba ko za ta cika sharuɗɗan Kotun Ƙoli, a duba ko ba ta faɗa cikin riba ba, domin a Malikiyya sulhun da aka yi a kan bashi yana bin hukuncin ciniki ne. Wanda ya taɓa gwada fassara kalmomin lauya zuwa Hausar da Ba'adare ko Bagobiri zai gane ya san wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce, ta fi ta Turancin wuya ga yawancin ɗalibanmu, waɗanda shekara biyar suke yi ba su yi muhawara ko sau ɗaya da harshen da za su yi aiki da shi a kotunan Shari'a ba.

Za a ce ɗalibai Ikko da Abuja suke hange, inda kuɗin tahkimi yake, ba wanda zai ci abinci da sulhun buhu 40. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a daina neman zuwa Biyana, in an sami mai ɗaukar nauyin jirgi da masauki da kuɗin waje. Amma yawancin waɗanda suka gama ba can za su ƙare ba, za su zama majistare ne da alƙalai da lauyoyin gwamnati da sakatarorin ƙananan hukumomi a nan jihar. Za a kuma ce hanya ba lafiya, ba a tura 'ya'yan mutane Gandi ko bayan Goronyo. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa gasar a harabar jami'a za a yi ta, sarakuna da shugabannin ƙungiyoyin ruwa su ne za a gayyato. Dokar Ba da Agajin Shari'a ta 2011 ta riga ta san da zaman ofisoshin agaji na jami'o'i, saboda haka akwai inuwar da ɗalibai za su fake su taimaka wajen tsara takardar sulhu mai shafi ɗaya, da boko da ajami, wadda magatakardan uban ƙasa zai iya cikewa. Abin da ya rage shi ne umurnin aiki daga Babban Joji da Alƙalin Alƙalai na jiha, mai bayyana yadda za a kai irin wannan takarda kotun Shari'a ta Wurno ko Rabah ko Goronyo a yi mata rajista, da kuɗin da za a biya, da kwana nawa ne wanda bai gamsu ba yake da su ya dawo ya ce bai yarda ba.